Irin “To” Ɗin Da Na Ce

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 6:20 na yamma

Yau shekara uku da wata bakwai rabona da gida. Na ƙirga ne saboda matar da ta karɓi fasfona ta tambaye ni, ta kuma rubuta. Ta saka shi a ambulan, ta liƙe, ta ba ni wata 'yar takarda a madadinsa. Ta ce ba kama ni aka yi ba, kada dai in bar ƙasar. Na ce da ma ba ni da niyya. Ƙarya na yi. Tikitina na ranar ashirin da takwas yana cikin aljihun tebur.

Su huɗu suka zo kamfaninmu daga hukumar kula da magunguna. Sun manna jan tef a ƙofar ɗakin sanyi na uku, sun kwashe kwamfuta biyu da fayil ɗin taron daraktoci. Babbarsu wata mai tabarau ce, ba ta ɗaga murya. Ta ce wane ne darakta a nan. Ma'aikata suka juyo gaba ɗaya suka kalle ni, don Yaya ba ya nan.

Shekara uku ana kirana Darakta ana dariya. Yau ba wanda ya yi dariya.

An ce in riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana da lokacinsa. Shi ya sa na sayi wannan littafin a kantin da ke ƙasan benenmu.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 7:10 na safe

Bari in rubuta yadda na zama darakta, ko ni ma in gani a takarda.

Yaya yayan matata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kamfaninsa yana shigo da magunguna, ya ajiye a sanyi, ya raba wa kantuna. Dokar ƙasar nan ta ce irin wannan kamfani sai da daraktoci biyu. Abokinsa na farko ya janye, sai ya tuna da ni, ina can ina koyar da lissafi a sakandare. Ya ce, “Suna kawai za ka ara mana.” Na zo. Aka ba ni wani ɗan littafi mai shafi arba'in, aka nuna mini inda zan sa hannu cewa na karanta. Na sa. Ainihin aikina shi ne jadawalin motoci: wace mota za ta bi wane layi, ƙarfe nawa.

Ba zan ci amanar gaskiya ba. Shi ya ɗauki nauyin aikin idon Inna. Yarana uku suna makaranta mai kyau saboda shi. Bai taɓa goranta mini ba, sai sau ɗaya.

Sati biyar da suka wuce injin ɗaki na uku ya tsaya da yammar Juma'a, ba a gane ba sai safiyar Litinin. Akwai kwali ɗari huɗu da talatin a ciki, na allurar masu ciwon suga. Wannan allurar idan ta sha zafi ba ta canza kala, ba ta wari. Ƙarfinta ne kawai yake tafiya.

An yi taro a kai. Maganar taron sai wata rana.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Na je wurin lauyan kamfani. Ya ba ni shayi, ya saurare ni minti biyu, sannan ya ɗaga hannu. Ya ce, “Kafin ka ci gaba, ni lauyan kamfani ne, ba naka ba.” Na ce ai ni ne kamfanin, rabinsa a takarda. Ya ce a'a, kamfani mutum ne mai zaman kansa a idon doka, ni kuma mai yi masa hidima ne, kuma yana iya yiwuwa gobe kamfanin ya yi ƙarata. Ya rubuta mini lambar wani lauya. Ko shayin ban ƙarasa ba.

Na dawo na nemo ɗan littafin nan mai shafi arba'in. Yana ƙasan akwati, da ledarsa. Na karanta shi a zaune a bakin gado.

Darakta ba ya cewa ban sani ba, idan abu ne da ya kamata ya sani. Ba ya cewa umarni aka ba ni. Idan kaya suka lalace, wajibinsa ne ya sanar da hukuma cikin kwana uku, shi da kansa, ko da sauran ba su so ba. Murabus ba ya wanke abin da ya riga ya wuce. Babu wani abu wai shi daraktan suna. Shafi na sha tara: wanda ya halarci taro bai sa an rubuta ƙin yardarsa ba, ana ɗaukarsa ya yarda.

Na karanta shafi na sha tara sau huɗu. Ni da nake faɗa wa yara su karanta tambaya kafin su amsa.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Yaya bai ɗauki waya ba. Sau shida.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 3:45 na yamma

Ya ɓullo. Bai shigo ofis ba, ya kira ni in same shi a mota, a bayan sito. Shi ma an karɓe nasa fasfon, ga alama, ko da yake bai faɗa ba.

“Darakta, ka rame.”

“Yaya, ina ka shiga?”

“Ina ta gyara ne. Ka kwantar da hankalinka. Na'urar auna sanyi ta nuna ɗakin bai wuce ƙa'ida ba. Abin da za ka ce ke nan, ba ƙari ba ragi.”

“Wace na'urar? Tsohuwar ko wadda aka sa bayan taron?”

Ya cire hannu daga sitiyari ya kalle ni. Ban taɓa yi masa irin wannan tambayar ba. Suruki ne, kuma babba. A gida ko takalmi ba na shiga da shi inda yake zaune.

“Na'ura ɗaya na sani,” ya ce. “Kai ma ita ka sani. Ka ci abinci kuwa?”

Ya miƙo mini ledar lemo daga kujerar baya. Na karɓa. Har godiya na yi.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Mai Makulli ya zo ɗakina. Shi ne mai kula da sito, ɗan ƙasarmu, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Bai taɓa hawa benen nan ba, sai da ya zauna ya huta kafin ya yi magana. Ya ajiye wata baƙar leda a kan tebur.

Littafinsa ne. Bai yarda da kwamfuta ba, komai sai ya rubuta da biro, ana ta yi masa dariya. Juma'a da yamma, ɗaki na uku, digiri biyar. Litinin da safe, digiri ashirin da shida, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Bayan haka shafi bakwai: kowane kwali da kantin da aka kai shi. Kanti talatin da bakwai, duk ƙanana, duk a bayan gari. A kwamfuta an cakuɗa su da wasu lambobi. In ba da wannan littafin ba, ba mai iya bin sawunsu.

Na ce, “Baba, me ya sa ba ka ba su ba ranar da suka zo?”

Ya ce, “Ni makulli aka ba ni, ba a ba ni suna a takarda ba. Kai aka ba.”

“To in yi yaya da shi?”

“Au, ni kake tambaya? Ashe daraktan ma ɗan dako ne.” Ya yi dariya har da tari. Da zai fita ya ce matarsa ta hana shi ajiye littafin a gida, wai yana hana ta barci.

Na tura shi ƙarƙashin katifa.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 4:10 na yamma

Na kira gida. Maman yara ta ce Yaya ya gaya mata 'yar matsalar takardu ce. Na ce haka ne. Ta ce tana nan tana gyaran ɗaki, ta sa an yi fenti. Ta ba auta wayar. An haife ta wata huɗu bayan na taho, a waya kawai ta san ni. Baban Waya take ce mini, don ta bambanta ni da baban maƙwabta. Ta ce in zo mata da takalmi mai fitila.

Maman yara ta karɓa ta ce, “Abban yara, ranar ashirin da takwas ɗin tana nan dai ko?”

Na ce in sha Allahu.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Sabon lauya, nawa na kaina. Matashi ne, yana tauna bakin biro. Ya samo kwafin bayanin taron. Layi ɗaya ne ya dame shi: “Daraktoci biyu sun amince a saki kayan ɗaki na uku.” A ƙa'idar kamfaninmu ba a sakin kayan da aka killace sai mu biyu mun yarda. Ya ce in gaya masa yadda aka yi. To bari in rubuta.

Mu uku ne a ɗakin: ni, Yaya, da Sakatariya. Ita 'yar ƙasar nan ce, ba ta jin Hausa. Takan ajiye ƙaramar na'ura a tsakiyar tebur tana ɗaukar murya, daga baya ta buga. Da yarensu ake taro, haka ƙa'ida ta ce. Yaya ya karanta shawarar a saki kayan. Na ce da Hausa, “Yaya, anya kuwa?”

Shi ma ya juya Hausa. “Kwana biyu ne kacal, kwalayen a rufe suke, sanyin bai gama fita ba. In muka zubar da su kamfanin ya mutu. Mutum talatin da ɗaya su koma gida. Kai ma ka koma, ka je ka ci gaba da cin alli. Ka ji ko?”

Wannan ne gorin da na ce ya yi mini sau ɗaya.

Na kalli tebur. Na ce, “To.”

Sakatariya ta ɗago ta ce me ya ce. Yaya ya ce mata, “Ya amince.”

Iyakar abin da na gaya wa lauya ke nan.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 12:40 na rana

Yau na san yadda hukuma ta ji labari. Daga wani asibiti ne, inda aka kwantar da wani mai ciwon suga. Sun ce mutumin direban bas ne, yana yin allurarsa a kan lokaci shekara da shekaru. Ban tambayi sauran ba.

Littafin Mai Makulli yana sa katifar ta yi tudu. Ko kuwa ni nake jin haka.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Ofishin hukuma, hawa na shida, ɗaki ba taga. Mai Tabarau, lauyana, da wani tafinta da suka ɗauko saboda Hausar da ke cikin na'urar Sakatariya. Tsoho ne mai lema, ko da yake ba a ruwa. Ya gaishe ni ya tambayi mutanen gida kamar a kasuwa muka haɗu.

Ta kunna. Na ji muryar Yaya, na ji tawa. Ban san haka muryata take da sanyi ba. Tafinta ya fassara komai tiryan-tiryan, har da cin allin. Da aka zo kan “to” sai ya tsaya.

Ta ce, “Me yake nufi?”

Ya ce, “Ranki ya daɗe, ya danganta.”

“Da me?”

“Da yadda aka faɗe shi. Akwai to gajere, wannan an yarda. Akwai wanda ake ja, wannan na ji ne kawai, ban ce komai ba. Akwai to fa, wannan an ga masifa tafe. Akwai to, to, to, wannan rabu da ni. Akwai kuma na uwa, idan ka ce mata za ka fita ta ce to, wannan in ka isa ka fita.”

Saura kaɗan ta yi murmushi. Ta ce wanne ne wannan. Ya ce a sake kunnawa. Aka sake sau uku, ya rufe ido, ya karkatar da kai kamar mai sauraron injin mota.

“An ja shi, ranki ya daɗe. Kuma ga anya kuwa a gabansa. A kunnena wannan mutumin bai yarda ba. Babban ne ya fassara yadda yake so.”

Lauyana ya daina tauna biro.

Ta juyo gare ni. Ta ce ba ta son amsa yanzu. In rubuta bayani in sa hannu, in kawo ranar Talata. Ta ce akwai kwalaye a waje da ba su san inda suke ba, sun yi sanarwa amma lambobin ba su dace ba, idan na san wani abu a kai in tuna cewa wajibina bai ƙare ba don an rufe ɗaki.

A bakin lif tafinta ya kama hannuna. “Ɗana, na buɗe maka ƙofa. Fitar kuma taka ce.”

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Lauya har ya rubuta bayanin. Shafi ɗaya. Cewa na nuna shakka, na ce na ji, aka fassara ni ba daidai ba. Ya ce da wannan bayanin, laifin rashin sanarwa kaɗai zai rage a kaina, tara ce, fasfona zai iya fitowa kafin ashirin da takwas. Sauran duk a kan Yaya.

Ya ce, “A duk aikina ban taɓa ganin kalma mai harafi biyu ta fitar da mutum ba.”

Babu ƙarya ko ɗaya a shafin. Na duba. Abin da babu a ciki shi ne abin da na'ura ba ta ɗauka.

Yanzu hanya biyu ke gabana. Ta Yaya, mu tsira tare in Allah ya rufa asiri. Ta lauya, in tsira ni kaɗai. Duk biyun ba su buƙatar littafin da ke ƙarƙashin katifa.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 6:45 na yamma

Ban san abin da ya kai ni ba. Na ɗauki bas har ƙarshen layi, kanti na sha ɗaya a jerin Mai Makulli. Ni na tsara motar da ta kai musu, na san layin a takarda, ban taɓa taka shi ba. Ƙaramin kanti ne tsakanin mai gyaran waya da mai wanki. Firijin yana bayan kanta, ƙofarsa gilashi. Na hango kwalinmu a ƙasa, an yanke bakinsa.

Wata tsohuwa tana gabana, da jakar kasuwa. Ta ce a ba ta irin ta kullum. Mai kantin ya buɗe firijin. Ta ce masa kwanan nan ƙishirwa ta dame ta, ko zafi ne. Ya ce zafi ne.

Ina tsaye. Bakina ya yi nauyi kamar ranar taron. Sai da ta kai ƙofa na bi ta, na ce Mama kada ki yi amfani da wannan, ki je asibiti a canza miki. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta rungume jakarta, ta ƙara sauri. Ta ɗauka ɓarawo ne.

Na koma na ce wa mai kantin ya sayar mini da duk abin da ya rage a kwalin. Ya ce sai da takardar likita. Na ce ni daraktan kamfanin ne. Ya kalli takalmina ya ce shi kuma ministan lafiya ne.

Kwana bakwai littafin yana hannuna. Na ƙirga a bas.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Ban kira gida ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Na je na sami Yaya a gidansa. Ban ga ya dace ya ji a bakin wani ba. Na cire takalmi, na zauna a ƙasa kamar kullum. Na ce gobe zan kai littafin Mai Makulli.



“Wato wannan tsohon ne.”

“Ba ruwansa. Ni na karɓa.”

“Lauyanka ya ce za ka ce ba ka yarda ba. Na ji. Na ce ba komai, yaro ne, ya tsira. Ban yi fushi ba, wallahi. Amma littafi? Ka san shekara nawa ne wannan?”

“Na sani, Yaya.”

“Da wane ido za ka kalli ƙanwata?”

Na ce ban sani ba. Na gaya masa maganar tsohuwar da ƙishirwarta. Ya ce mutum nawa ne suke jin ƙishirwa a garin nan. Amma bai kalle ni ba da ya faɗa.

Ina ganin da gaske ya yarda sanyin bai gama fita ba. Ya so ya yarda, ya yarda. Ba mugu ba ne. Mutum talatin da ɗaya ɗin ma ba ƙarya ba ne, ya san sunan 'ya'yan kowannensu.

Da zan tashi ya ce, “Na ɗauko ka daga aji, na sa maka kwat.”

Na ce, “Haka ne. Na gode.” Kuma da gaske nake.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 3:20 na yamma

Na kai. Na rubuta nawa bayanin da hannuna, ga abin da na sa a ƙarshe:

“Na ce to. Ma'anarsa a ranar ita ce: na san ba daidai ba ne, kuma ba zan hana ba. Ina jin yaren da aka fassara shi. Na ji an ce na amince. Sakatariya ta kalle ni tana jira, na sunkuyar da kai. Tafinta bai yi kuskure ba, amma shi murya ya ji, bai ga ɗakin ba.”

Lauya ya karanta a tsaye, ya ce, “Ka san abin da kake sa wa hannu kuwa?”

Na ce wannan karon na karanta.

Mai Tabarau ta buɗe littafin, ta ga layi biyun da aka ja a ƙarƙashin ashirin da shida. Ta ce tun yaushe yake wurina. Na ce kwana goma. Ta rubuta kwana goma. Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sannan ta ce wa ya san hanyoyin kantunan nan. Na ce ni.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 7:00 na yamma

Mota huɗu, layi huɗu, na tsara musu kamar yadda na saba, sai dai wannan karon karɓowa ake yi. Kwali 96.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 7:10 na yamma

Jimilla kwali 241. Mai kanti na sha ɗaya ya gan ni tare da jami'ai ya rasa inda zai sa fuskarsa. Na ce ranka ya daɗe minista. Ya ce ya san gidan tsohuwar, zai je da kansa.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Jimilla kwali 355. An rufe kamfanin baki ɗaya. Ma'aikata sun zo kwashe kayansu. Wasu sun gaishe ni, wasu sun wuce kamar bango ne. Wani direba ya tofar da yawu kusa da ƙafata, yana da 'ya'ya biyar, ban ga laifinsa ba. Mai Makulli ya miƙa wa jami'ai makullansa ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunan kowace ƙofa.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Na kira gida. Na gaya mata duka, tun daga injin har bayanin. Na ce Yaya zai gurfana a kotu, kuma da hannuna a ciki. Na ce ba zan zo ranar ashirin da takwas ba. Na ce kuɗin makarantar yara sai mun sake shawara.

Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Ina jin auta a bayanta tana buga wani abu da cokali.

Na gama. Sannan ta ce, “To.”

Ta kashe.

Shekara sha tara muna tare. Na yi ta juya shi a kunnena har yamma. Ban gane wanne ba ne.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

An sallami direban bas ɗin. Mai Tabarau ce ta gaya mini, ban tambaya ba. Ta ce akwai wasu biyu da suke dubawa. Wannan ma ban tambaya ba.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe 2:10 na rana

Jirgin ya tashi ƙarfe biyu saura kwata.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Saƙo daga maman yara, na farko tun Lahadi. Ba gaisuwa. “Lambar ƙafar auta 26.”

Na sa riga na tafi kasuwa.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Hukuma ta yanke nawa hukuncin. An haramta mini zama darakta a kowane kamfani shekara bakwai. Na kusa dariya. Akwai tara, ta cinye abin da na ajiye. Ba za a kai ni kotu ba, amma zan tsaya shaida ranar sha biyu ga watan gobe, Yaya yana zaune yana kallona. Bayan nan za a ba ni fasfo. An rubuta kwana goman a takardar hukuncin, sakin layi guda. Daidai ne.

Yaya bai sake kirana ba. Na aika masa da gaisuwa ta hannun Mai Makulli. An ce ya ji.

An rufe neman kwalaye yau. Ga abin da na iya cetowa:

Kwali 371, a rufe.

Kwali 41, an buɗe, an sayar da wani abu daga ciki.

Ma'aikata 12 cikin 31, wani kamfani ya ɗauke su da takardar shaidar da na rubuta musu kafin a karɓe mini suna.

Akwati ɗaya. Ɗan littafi mai shafi arba'in. Takalmi mai fitila, lamba 26.

Kwali 18 ban same su ba.